Ƙarfe Mai Maganaɗisu da Sinadarin Kabon: Na'urar da Ba Ta Iso Kasuwa Ba Tukuna

(Taken shiri)

 

Yau za mu leƙa wani lungu ne na binciken kimiyya wanda ba a cika jin labarinsa ba. Wasu masana ne suka ɗauko abubuwa biyu da ba su saba shan inuwa ɗaya ba, wato ƙarfe mai maganaɗisu da kuma sinadaran kabon masu laushi irin waɗanda ke haska fuskar wasu wayoyin hannu, suka ce bari su haɗa su wuri guda, ko Allah zai sa a samu sabuwar na'urar ajiye bayanai mai araha. An haura shekara 20 ana wannan aiki. Tun da wuri gara in faɗa muku, babu na'ura ko ɗaya ta wannan haɗi da za ku shiga kasuwa ku saya a yau. To me ya sa za mu ɓata lokacinku a kanta? Saboda abin da masu binciken suka tsinta a hanya ya fi abin da suka fita nema ban mamaki.

Mu faro daga tushe. Wutar lantarkin da ke bin waya, tafiya ce ta wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira ilektiron. Kowane ilektiron yana ɗauke da caji, kuma da cajin nan ne akwatin rediyon da ke gabanku yake aiki, haka fanka, haka injin markaɗe. Amma ilektiron yana da wata siffa ta biyu, ana kiran ta juyi. Albarkacin wannan siffa, kowane ilektiron ɗan mitsitsin maganaɗisu ne shi kansa. In aka auna shi kuma, amsa ɗaya cikin biyu ake samu, ko dai yana kallon sama, ko yana kallon ƙasa. Babu tsaka-tsaki. A 1922 a birnin Farankfot na Jamus, Otto Stern da Walther Gerlach suka harba ƙwayoyin zarra na azurfa ta tsakanin maganaɗisu, sai suka ga sun rabu gida biyu cif. Bayan shekara 3, wasu matasa biyu a Jami'ar Laiden ta ƙasar Holan, George Uhlenbeck da Samuel Goudsmit, suka kawo ra'ayin juyi, wanda daga baya shi ne ya warware wannan ɗauri.

A cikin wayar tagulla, rabin ilektiron na kallon sama, rabi na kallon ƙasa, sai su kashe tasirin juna. A cikin baƙin ƙarfe da kobal da nikel kuwa, ɓangare ɗaya ne ke rinjaye, shi ya sa suke zama maganaɗisu. Ita kuma kwamfuta, duk hikimarta, da 0 da 1 kawai take lissafi. Ashe ke nan abin da ke da fuska biyu, sama da ƙasa, ya dace da ita. Fannin da ke ƙoƙarin cin moriyar juyi a cikin na'urori shi ake kira sifintironik.

Wannan fanni ba mafarki ba ne, ya riga ya ciyar da kamfanoni. A 1988, Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus, kowa a nasa ɗakin bincike, suka jera siraran shimfiɗu na baƙin ƙarfe, suka raba tsakaninsu da shimfiɗar kuromiyam wadda kaurinta bai wuce nanomita 1 ko makamancin haka ba. Don ku gane ƙanƙantar abin, kaurin silin gashin mutum yana kaiwa nanomita 50,000 zuwa 100,000. Abin da suka gani shi ne, idan maganaɗisun shimfiɗun ƙarfen na kallon wuri ɗaya, lantarki na wucewa cikin sauƙi. Idan suka juya wa juna baya, sai turjiya ta ƙaru, lantarkin ya ragu. Dalili kuwa, shimfiɗar farko tana tace ilektiron, ta bar masu juyi irin nata su wuce. In ta biyun irin ta farko ce, sai ta buɗe musu hanya, in kishiyarta ce sai ta tare su. Turjiya kaɗan ita ce 0, turjiya mai yawa ita ce 1. A 1997 kamfanin IBM ya fitar da faifan ajiya na kwamfuta mai karanta bayanai da wannan dabara, kuma a 2007 aka ba Fert da Grünberg kyautar Nobel.

Ku riƙe wannan fasali da kyau, don duk labarin yau a kansa yake: maganaɗisu a ƙasa, maganaɗisu a sama, da wani abu a tsakiya. Tambayar ita ce, me za a sa a tsakiyar?

Nan ne sinadaran kabon suka shigo. Mun saba da cewa roba da leda ba sa ɗaukar lantarki, shi ya sa ake naɗe waya da su. Amma a 1977, Hideki Shirakawa na Japan tare da Alan MacDiarmid da Alan Heeger a Amurka suka nuna cewa wani nau'in roba, in aka turara shi da aidin, yana ɗaukar lantarki sosai. Su ma sun karɓi Nobel a 2000. A 1987 kuma, Ching Tang da Steven Van Slyke na kamfanin Kodak suka haɗa wata 'yar fitila da wani sinadari mai suna Alq3, wanda ke fitar da koren haske in lantarki ya ratsa shi. Daga nan aka samo fuskar waya da talabijin da ake kira OLED. Duk mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano ya san ta, don ya san kuɗin canza ta ya fi na sauran.

Irin waɗannan sinadarai suna da abubuwan da ke jan hankalin masana'antu. Silikon da ake ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta da shi sai zafi ya haura digiri 1,400 yake narkewa, kuma masana'antarsa na lashe biliyoyin daloli. Sinadarin kabon kuwa ana iya shimfiɗa shi da ɗan zafi kaɗan, wani ma narkar da shi ake yi a buga shi a kan leda mai lanƙwasuwa. Masanin haɗa sinadarai kuma yana iya cire wannan reshe na molekul, wato dunƙulen ƙwayoyin zarra da suka haɗu, ya dasa wancan, ya canza masa hali yadda yake so.

Amma abin da ya ja masu binciken juyi wani abu ne daban. Juyin ilektiron ba ya daɗewa a yadda aka saita shi. Yana tafiya a cikin abu, ƙwayoyin zarrar da yake giftawa suna ta girgiza shi har ya rikice, saƙon da ya ɗauko ya salwanta. Kuma gwargwadon nauyin zarra, gwargwadon ɓarnar da take yi. A ƙiyasi, in lambar zarra ta ninka sau 2, wannan tasiri na iya ninkawa kusan sau 16. To kabon lambarsa 6 ce kawai. Silikon 14. Galiyam da asenik, waɗanda ake haɗawa a yi wasu na'urorin, 31 da 33. Saboda haka juyin da ke rikicewa cikin kimanin kashi 1 cikin biliyan na daƙiƙa a haɗin galiyam da asenik, a cikin sinadarin kabon yana iya kai kashi 1 cikin miliyan, wani lokaci ma ya zarce. A wurinmu duka ba su kai ƙiftawar ido ba, amma a wurin na'ura, bambancin sau dubu ne ko fiye.

Sai dai akwai wani hanzari ba gudu ba. A cikin silikon, ƙwayoyin zarra a jere suke reras, ilektiron na sheƙa gudu. A cikin Alq3 da danginsa kuwa, molekul a barbaje suke, ilektiron tsalle yake yi daga wannan zuwa wancan, ya tsaya, ya jira, ya sake tsalle. Saurinsa bai kai kashi 1 cikin miliyan na wanda ke cikin silikon ba. Kamar ɗan aike ne mai kaifin riƙo, wanda ba ya mance saƙo da wuri, amma ƙafarsa ba ta da sauri. Kafin ya fita daga unguwa, saƙon da ya daɗe yana riƙe da shi ya riga ya zube. A 2007, Ian Appelbaum da abokan aikinsa a Jami'ar Delawaya ta Amurka sun tura juyi ya ratsa silikon mai kaurin nanomita 350,000. A Alq3 kuwa, 'yan gomomin nanomita ake magana.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yunƙurin haɗa ƙarfe mai maganaɗisu da sinadaran kabon a na'ura ɗaya.

Gwajin farko da ya ja hankali an yi shi ne a birnin Bolonya na Italiya a 2002, a ƙarƙashin Valentin Dediu. Ya yi amfani da wani haɗin manganis da ake taƙaita sunansa da LSMO, wanda ke da halin cewa kusan duk ilektiron ɗin da ke ɗaukar lantarki a cikinsa wuri ɗaya suke kallo, kuma iska ba ta cin sa. Ya ajiye guda biyu kusa da juna, ya cike ratar da ke tsakani da sinadarin kabon, ya ga turjiya ta canza da aka kawo maganaɗisu.

Amma wanda ya tayar da ƙura shi ne na 2004, daga Jami'ar Yuta ta Amurka, inda Valy Vardeny da Jing Shi da abokan aikinsu suka wallafa sakamakonsu a mujallar Nature. LSMO a ƙasa, Alq3 mai kauri fiye da nanomita 100 a tsakiya, kobal a sama. Turjiyar ta canza da kashi 40 cikin 100. Nan da nan ɗakunan bincike a ƙasashe da dama suka rufa a kan abin.

Da aka natsu, sai tambayoyi suka fara ɓullowa. Da farko dai, wannan kashi 40 an same shi ne a sanyin digiri 262 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas. Da aka riƙa ɗumama na'urar sai tasirin ya yi ta raguwa, ya ɓace tun kafin a kai zafin ɗaki. Mu da a watan Afrilu zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, ai ba sai an yi mana dogon bayani ba. Sannan sakamakon ya fito a juye. Ka'ida ta ce turjiya ta ragu in maganaɗisun biyu na kallon wuri ɗaya, amma a na'urar Yuta sai da suka saɓa wa juna ta ragu.

Matsalar da ta fi ci wa mutane tuwo a ƙwarya ita ce ta kobal. Yadda ake shimfiɗa shi a sama shi ne a gasa ƙarfen a cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska har ya zama tururi, tururin ya sauka a kan sinadarin. To sinadarin nan laushi gare shi, ƙwayoyin kobal kuma da zafinsu suke sauka, sai su nutse ciki. Su kansu masu binciken Yuta sun ambata cewa wani babban sashe na shimfiɗar ya gauraye da ƙarfe. Wannan ya buɗe ƙofar zargi. Shin ilektiron ɗin ta cikin sinadarin kabon ya bi da gaske, ko kuwa wasu siraran jijiyoyin kobal ne suka huda shimfiɗar har suka kusa taɓa ƙasa, lantarki ya bi ta nan? In na biyun ne, to sinadarin kabon ɗan kallo ne kawai. Shi ya sa ɗakin bincike ɗaya zai ce ya ga tasiri, wani ya haɗa irin na'urar sak ya ce bai ga komai ba.

Akwai gwajin da ke raba gardama a wannan fanni, ana kiran sa gwajin Hanle. Ana kawo maganaɗisu ta gefe, a gicciye, yadda zai sa juyin ilektiron ya riƙa karkata yayin da yake tafiya. In da gaske juyi ne ke ratsa abin, dole alamar ta dusashe. A ƙarafa an ga haka, a silikon ma an gani. A 2013, ɗakin binciken Bolonya, wato su Dediu da suka buɗe fagen, suka yi gwajin a kan na'urar Alq3, suka fito suka ce ba su ga dusashewar ba. Ni a wurina wannan takarda ta fi wasu masu ɗauke da manyan alƙaluma daraja, don ba kowa ne zai wallafa abin da ke jefa shakku a kan aikin da ya yi suna da shi ba. A ɗaya ɓangaren kuma, akwai gwaje-gwaje biyu na 2009, ɗaya a Jamus da hasken leza, ɗaya a Suwizalan da wasu ƙwayoyi da ake kira miyuwon, waɗanda suka nuna cewa lallai juyi na shiga cikin sinadarin kabon. Har yau ba a gama daidaita waɗannan hujjoji ba.

Yanzu ga inda labarin ya yi kwana. A 2010, a ɗakin binciken da Albert Fert yake aiki kusa da birnin Faris, wani matashi mai suna Clément Barraud da abokan aikinsa suka ce bari su kauce wa matsalar jijiyoyin kobal. Suka yi amfani da tsinin wata allura mai matuƙar ƙanƙanta suka haƙa ɗan rami a cikin Alq3, suka bar 'yan nanomita kaɗan a ƙasan ramin, sannan suka cika shi da kobal. Ta haka sun san takamaiman inda lantarki ke bi. Turjiya ta canza da kashi 300 cikin 100, a sanyin digiri 271 ƙasa da sifili, kuma wannan karon ba a juye ba. Kayan haɗi iri ɗaya da na Yuta, sakamako kishiya.

Bayanin da suka bayar shi ne ya canza alƙiblar fannin. Molekul ɗin da ke manne da fuskar ƙarfe ba ya zama yadda yake a da. Ilektiron ɗinsa na cuɗanya da na ƙarfen, kuma cuɗanyar ba ɗaya ba ce ga masu kallon sama da masu kallon ƙasa. Sai wannan layi na farko, mai kaurin molekul guda, ya zama matata mai zaman kanta. Yana iya ƙarfafa juyin da ƙarfen ke turowa, yana kuma iya kifar da shi gaba ɗaya, ya danganta da irin riƙon da molekul ya yi wa ƙarfen. A shekarar ce Stefano Sanvito na Kwalejin Tiriniti da ke Dabilin ya yi sharhin da ya ja hankalin masana zuwa ga wannan mahaɗa. An fita neman hanyar da juyi zai yi doguwar tafiya, sai ga shi aikin duka a bakin ƙofa ake yin sa.

Kuma tasirin ba ɓangare ɗaya yake bi ba, shi ma ƙarfen yana canzawa. A cikin ƙarafa zalla, uku ne kawai ke riƙe maganaɗisu a zafin da muke rayuwa a ciki: baƙin ƙarfe, kobal da nikel. Akwai na huɗu, gadoliniyam, amma shi da zafi ya kai wajen digiri 20 yake saki. Tagulla ba ta cikinsu ko kusa, kowane mai sayen tsofaffin ƙarafa ya san maganaɗisu ba ya kama ta. Amma a 2015, a Jami'ar Lids ta Ingila, wata ɗaliba 'yar ƙasar Oman, Fatma Al Ma'Mari, tare da malaminta Oscar Cespedes da sauran abokan aiki, suka jera siraran shimfiɗun tagulla da na wani molekul mai zarrar kabon 60 da ake kira C60. Babu mai maganaɗisu a cikin biyun. Da suka haɗu, sai maganaɗisu ya bayyana a mahaɗarsu, a zafin ɗaki. Rauni gare shi, ba zai ɗaga ko allura ba, amma ya rushe abin da aka daɗe ana ɗauka cewa ba ya yiwuwa. Wannan ma a Nature aka wallafa shi.

Akwai kuma wani reshe da Ron Naaman na Cibiyar Weizmann ta Isra'ila ya faro tun 1999. Ya gano cewa molekul masu murɗewa, wasu dama wasu hagu, suna tace juyi ba tare da maganaɗisu ba sam. A 2011 aka auna haka a kan DNA, aka samu rinjayen ɓangare ɗaya da ya kai kashi 60 cikin 100 a zafin ɗaki. Masana ba su daidaita a kan dalilin ƙarfin wannan tasiri ba, amma bincike a kansa sai ƙaruwa yake yi.

Kada wani ya ce duk wannan zancen Turawa ne da bai shafe shi ba. In wayarka mai fuskar OLED ce, to juyi na aiki a tafin hannunka yanzu haka. A cikin kowane ɗigon haske na fuskar, caji biyu ne ke haɗuwa su haifar da haske, kuma yadda juyinsu ya dace da juna shi ke yanke hukunci. A sinadarai irin Alq3, haɗuwa 1 cikin 4 ce kawai ke ba da haske, sauran 3 zafi suke zama, batir ya tafi a banza. A ƙarshen shekarun 1990, Stephen Forrest da Mark Thompson da Marc Baldo a Amurka suka magance wannan ta hanyar dasa zarra mai nauyi, filatinam da farko, daga baya iridiyam mai lamba 77, a tsakiyar molekul. Wato nauyin nan da masu sifintironik ke gudu saboda yana rikita juyi, shi masu fitila suka nemo da gangan, don ya kuɓutar da kashi 75 da ke salwanta. Ja da koren da kuke gani a irin waɗannan wayoyi, akasari ta wannan hanya ake samar da su. A 2012 kuma su Vardeny suka haɗa fitilar OLED mai maganaɗisu a ɓangarorinta biyu, wadda ƙarfin haskenta ke canzawa da an kawo maganaɗisu. Launin ruwan lemo kaɗai take bayarwa, kuma sai cikin tsananin sanyi take aiki.

To ina aka kwana? Ma'ajiyar bayanai mai aiki da juyi, wadda ba ta mance abin da aka rubuta mata ko an ɗauke wuta, tana kasuwa tun 2006 da kamfanin Freescale ya fara sayar da ita, kuma a 2019 Samsung ya fara ƙera tasa da yawa. Amma abin da ke tsakiyarsu siririyar shimfiɗa ce ta ma'adini, a yau galibi haɗin maganiziyam da iskar oksijin. Babu kabon a ciki. A ganina, duk wanda ya ce muku sinadarin kabon na dab da ture wannan, ya yi gaggawa. Sinadaran nan ba sa jure iska da laima, sai a cikin akwatin da aka cika da iskar naitirojin ake sarrafa su, kuma har yanzu da wuya a haɗa na'urori 100 su fito da hali ɗaya. Masana'anta kuwa ba ta karɓar abin da yau ya yi, gobe ya ƙi. Inda nake ganin za a ci riba shi ne wajen amfani da layin molekul guda don gyara halin fuskar ƙarfe, da kuma na'urorin da ke haɗa haske da maganaɗisu, inda silikon ba shi da ta cewa sosai, tunda shi ba gwanin fitar da haske ba ne.

Kira na ga ɗalibanmu na sakandare da jami'a masu karatun kimiyya, musamman 'yan mata: kada ku ɗauki fizik ku yar da kemistiri, ko ku ɗauki kemistiri ku yar da fizik. Galibin binciken da muka ambata yau, sai da mai haɗa molekul da mai auna maganaɗisu suka zauna a teburi ɗaya. Wani babban sashe na aikin kuma lissafi ne da ake yi a kwamfuta, na yadda molekul ke kama fuskar ƙarfe, kuma akwai manhajojin yin sa da ake saukewa kyauta a intanet, irin su Quantum ESPRESSO da SIESTA. Mai sha'awa ya tuntuɓi malaminsa na sashen fizik ko kemistiri ya nemi a nuna masa yadda ake fara amfani da su.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. A huta lafiya.